Kifi da tsiron ruwa a tsakar gida

Mai karatu, in ka san tabkin Madarunfa, ko na Tabalak, ko na Gidimuni, ka san ba wanda ke canza ma kifin tabki ruwa. Duk da haka kifin na rayuwa, yana girma, yana hayayyafa. Kai ma kana iya yin ɗan ƙaramin tabki a gidanka, ka sa mashi tsiro da ƴan kifaye. A manyan birane ana yin haka cikin akwatin gilashi, a ɗaki, da lantarki. Mu nan rana ce lantarkinmu. Amma sai ka san halinta, don tana raya kifi, kuma tana kashe shi.

Ga yadda abin yake. Kifi na numfashi kamar ni da kai. Iskar da yake shaƙa tana cikin ruwa, a narke, kamar sukari cikin shayi. Sunanta oksijan. Idan rana ta haska ganyen da ke cikin ruwa, sai ganyen ya riƙa fidda wannan iska. Ka duba da hantsi, wani lokaci za ka ga ƴan kumfa ƙanana manne da ganye. Shi kuma kifi yana kashi, kashin ya zama taki, tsiro ya ci. Kowa na ciyar da ɗan'uwansa.

To, amma da dare labari ya sake. Ba rana, tsiro ya daina ba da iska. Shi ma shaƙa yake, tare da kifin. Saboda haka da asuba ne iska ta fi ƙaranci cikin ruwa. Idan ka dawo daga sallar asuba, leƙa. In ka tarar da kifi sun taru a sama suna buɗe baki, iska ce ta gaza. Ko dai kifin sun yi yawa, ko abinci ya ruɓe a ƙasa, ko ruwan ya yi zafi. Kada ka jira. Ɗebi ruwan da kwano, ka zubo shi daga sama sau da yawa, iska ta shiga. Bayan haka ka kwashe kashi ɗaya cikin huɗu, ka zuba sabo.

Batun zafi shi ne babba a ƙasarmu. A watan Afirilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a Tawa da Yamai. Karfasa ta fi jin daɗin ruwa mai digiri 25 zuwa 30. Kuma ruwa in ya yi zafi, ba ya riƙe iska da yawa. Don haka wurin ajiya ya fi komi muhimmanci. Nemi gefen da ranar safe ke samu, daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe 11. Daga nan inuwa ta rufe shi, ta katanga ko ta rumfar zana. Gindin bishiya ma na yi, sai dai ganye zai riƙa faɗawa yana ruɓewa, kullum kana tsincewa.

A ganina akwatin gilashi bai dace da waje ba. Rana na shigar shi ta ko'ina, nan da nan ya ɗau zafi. Babbar kwatarniya ta fi, ko komin siminti, ko rabin duro mai cin lita 100. Ruwa mai yawa ba ya saurin zafi, ba ya saurin sanyi. In duro ne, bizne rabinsa cikin ƙasa. Kuma kada ka yi aiki da wanda ya taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari, ko da an wanke shi. Sabon siminti kuwa, cika shi da ruwa ka zubar sau da yawa, har mako biyu, kafin kifi ya shiga.

Zuba ƙasa kaɗan a gindi, ka rufe ta da rairayi wankakke. Dasa bado a ciki. Faffaɗan ganyensa laima ce ga kifi. Sa kainuwa biyu ko uku a sama. An ce kainuwa dashen Allah, kuma gaskiya ne, ba ta neman taimakon kowa wajen yaɗuwa. Kowane mako ka rage ta. Kada ta rufe fiye da rabin fuskar ruwa, in ba haka ba tsiron da ke ƙasa ya rasa haske. Wadda ka cire, kai ta ramin taki.

Tsiron da ka ɗebo daga tabki, wanke shi sosai, ka duba ganye da saiwa. Akwai ƴan katantanwa da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar fitsarin jini. Tsince su duka ka halaka. Kuma ka hana yara yin fitsari ko wasa cikin ruwan.

Bar tsiro ya kama har kwana 10 ko fiye, sannan ka kawo kifi. Ƴan karfasa huɗu ko biyar masu tsawon yatsa sun isa ma lita 100. Suna ɗan taɓa ganye, ba laifi. Tarwaɗa kam a bar ta: tana tona ƙasa, tana cin ƙananan kifi, tana tsallakewa waje da dare. Abinci kuwa, ɗan dusa sau ɗaya a yini, abin da za su cinye nan take. Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifi.

In ruwan ya koma kore shar, har ba ka ganin hannunka a ciki, gansakuka ce ta yi yawa. Rana ta yi mata yawa, taki ya yi mata yawa. Ƙara inuwa, rage dusa. Ɗan kore kaɗan ba komi, karfasa na cin shi.

Za ka ce: ruwa a kwance cikin gida, ai sauro ne. Da gaskiyarka. Ƙwan sauro na zama sauro cikin kwana 7 zuwa 10 lokacin zafi, kuma sauro ke kawo zazzaɓi. Ƴan kifi na cinye tsutsarsa, muddin kainuwa ba ta yi cunkoson da tsutsa za ta ɓuya ba. Ranar da kifin suka mutu, ko suka girma ka soya su, kada ka bar ruwan haka nan. Ko ka sa wasu, ko ka zubar.

Rana da iskar hunturu na shanye ruwa, sai ka riƙa cikawa. Ruwan rijiya na yi. Na pampo akwai magani a ciki, ajiye shi a buɗe kwana biyu tukuna. Daga ƙarshe ka rufe bakin da ragar waya mai ƙarfi, saboda kyanwa da tsuntsu, da kuma yaro mai rarrafe, wanda ruwa kaɗan ke iya halakawa.