Mai faran-faran da mai shiru-shiru a bakin tafkin Kainji

Ranar kasuwa a bakin ruwan Yelwa ko na Wara, muryar ɗan kamasho ake fara ji. Ya san kowace mai albasa, ya tsokani wannan, ya gai da waccan, kafin ka ankara jirgi ya cika. Direban kuwa yana can baya kusa da inji, bai cika magana ba, amma shi ya san inda kututturan itatuwa suke ɓoye tun da madatsar Kainji ta shanye dazukan a 1968. In aka zo zaɓen shugaban ƙungiyarsu, galibi mai bakin ne ke samun hannuwa.

Ba a nan kaɗai ake haka ba. Tun 1921 Carl Jung ya bambanta masu samun kuzari cikin jama'a da masu samunsa a kaɗaici. A 2002 Timothy Judge da abokan aikinsa suka tattara bincike masu yawa, suka ga cewa mai haba-haba da mutane ya fi saurin zama jagora. Sai dai samun kujera daban, riƙe ta da kyau daban.

A 2011 Adam Grant, Francesca Gino da David Hofmann suka duba shagunan wani kamfanin abinci a Amurka. Inda ma'aikata ke jiran umarni, shugaba mai yawan magana ya fi kawo riba da kashi 16 cikin ɗari. Inda ma'aikata ke kawo shawara da kansu, ribarsa ta gaza da kashi 14. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ya saba a saurare shi, sai ya ɗauki shawarar na ƙasa kamar ƙalubale.

Wannan ya fi damuna a wajenmu, domin mun taso da kunya da kara. Yaro ba ya katse babba. In aka haɗa wannan tarbiyya da shugaban da ba ya numfasawa, malamin makaranta a Shanga ko akawu a sakatariyar Ngaski zai haɗiye abin da ya sani, taro ya watse ana cewa "Madalla, ranka ya daɗe." A ofis, asarar ta tsaya kan kuɗi da lokaci. A ruwa kuwa rai ne. Jirgin da ya nitse kusa da Wara a watan Mayun 2021 yana ɗauke da mutum fiye da 150, lodin da ya wuce ƙarfinsa. A kowane bakin ruwa dole a samu wanda zai ce "Lodi ya isa," a kuma samu shugaban da zai ji shi.

Ban ce a ture mai faran-faran gefe ba. Shi ne zai shawo kan fasinja ya sa rigar kariya ba tare da faɗa ba, shi zai sasanta Basarke da Bagunge in sun saɓa kan wurin zuba taru. Abin da ake nema gare shi kaɗan ne, amma da wuya. In an zauna taro, ya bar ra'ayinsa zuwa ƙarshe. Ya kira direban nan da sunansa, ya ce, "Malam, kai me ka gani?" Sannan ya jira amsa, ko da shirun ya yi masa tsawo.