Abin Da Masu Gyaran Waya Na Taminus Suka Sani Game Da Koyarwa

JOS: Duk wanda ya taɓa sauka a Jos ya san Taminus, watau tsakiyar garin da ya samo sunansa daga ƙarshen layin dogo. A nan babbar kasuwar Jos take, wadda gobara ta cinye a shekarar 2002, amma ciniki bai bar wurin ba. Cikin sana'o'in da suka yi ƙarfi a kewayen akwai gyaran wayar salula, kuma akasarin masu yinta ba a aji suka koya ba.

Yadda maigida yake koya wa yaron shagonsa abin lura ne. Ba ya fara masa da aiki mai wuya. Da farko sai ya miƙa masa matacciyar waya ya ce ya kwance ya ɗaure, har hannunsa ya saba. Daga nan sai canjin batir, sannan gilashi, sannan wurin caji. In yaro ya yi kuskure, nan take ake gyara masa, gobe kuma ya maimaita.

Masanan ilmin koyarwa sun daɗe da rubuta wannan hanya. Tun a shekarar 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mutum yakan manta yawancin abin da ya haddace cikin ɗan lokaci in bai koma kansa ba. A shekarun 1950 kuma B. F. Skinner na Amurka ya ƙera na'urar koyarwa wadda ke ba ɗalibi tambaya ɗaya, ya amsa, ta nuna masa ko ya dace, kana ta wuce gaba. A 1965 Robert Gagné ya fitar da littafi kan sharuɗɗan koyo, kuma daga aikinsa aka san matakan shirya darasi: a faɗa wa ɗalibi inda aka nufa, a tuna masa abin da ya sani, a nuna masa sabo, a bar shi ya gwada, a gyara masa. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane wannan, domin ba a wanke allo a ƙara wa almajiri sai ya biya na jiya daidai.

Jos kuwa ba baƙuwar na'urori ba ce. Gidan talabijin na Jihar Binuwai-Filato shi ne ya fara watsa shirye-shirye masu launi a Nijeriya a 1975, shekarar da Jami'ar Jos ta tsaya da ƙafarta. Har wa yau wani malami Ba'amurke, Cliff Missen, wanda ya yi aiki a jami'ar a 1998 zuwa 1999, ya ga yadda intanet ke wahalar samu. Wannan ne ya kai ga ƙirƙiro eGranary, watau rumbun karatu: a kwafo ɗimbin littattafai da shafukan intanet a zuba cikin kwamfuta ɗaya, ɗalibai su karanta ba tare da layi ba. Amma rumbu cike da hatsi ba tuwo ba ne. Sai malami ya zaɓo, ya jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya kuma shirya tambayoyi.

Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976 lokacin shirin ba da ilmin firamare kyauta, ta bi wannan tsari. Ta rarraba littattafanta ƙananan kashi, kowane kashi da manufarsa da tambayoyin da ɗalibi zai auna kansa, sannan a haɗu da malami a ƙarshen mako.

To, ga inda batun ya shafi 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan. Da yawa sukan aika kuɗin guminsu gida a saya wa yaro waya ko kwamfuta, ko a sa shi makarantar koyon kwamfuta, da fatan ilmi ya samu. Kafin a biya, wajibi ne uba ya tambaya. Shin kowane ɗalibi yana sa hannu a kan na'urar, ko kallon malami kawai ake yi? Wa ke duba aikin yaro, kuma bayan kwana nawa? Ana komawa darasin baya? Da harshen da yaro yake ji ake masa bayani?

Makarantar da ta amsa waɗannan da kyau, ko da kwamfutocinta tsofaffi ne, ta fi wadda ta cika ɗaki da sababbi alhali yara na zaune sun naɗe hannu.