Alhaji Abubakar Imam, mai alƙalamin Gaskiya

Wanda ya gama yaƙi da jahilci a Dogarawa ko Malbaza ya san cewa karatu tamkar hauya ne, in babu gona sai tsatsa. Alhaji Abubakar Imam na cikin waɗanda suka share wa Hausawa wannan gona.

An haife shi a Kagara, ƙasar Najeriya, a 1911. Ya yi makarantar horar da malamai ta Katsina, ya koyar a can. A gasar rubutu ta 1933 ya shigar da Ruwan Bagaja. Ganin gwanintarsa, Dokta East ya kira shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku.

A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa na farko, shekara 12. Ya yi rubutu da Hausar da manomi zai gane, ya kuma ba wasiƙun masu karatu wuri, talaka ya samu bakin faɗin kukansa.

Ya rasu a 1981. To, jama'a, ma'aikata da malamai, wa zai rubuta wa sabbin masu karatunmu abin karantawa?