Kati Kaɗai Ba Ya Gyara Harkar Bas

Da yawa daga cikin masu tsara sufurin birane, har da 'yan boko masu kishin ci gaba, sun yarda cewa da zarar an kawo katin biyan kuɗi da manhajar waya mai nuna inda bas take, wahalar fasinja ta ƙare. Suna da hujjarsu. Kati yana kashe rigimar canji, yana kuma nuna wa hukuma layin da ya fi jama'a da lokacin da suke fitowa. Sai dai, da girmamawa, ina ganin an ɗora wa na'ura nauyin da ba nata ba.

A Nairobi, kamfanin Google da bankin Equity sun fito da katin BebaPay a 2013 domin motocin haya da ake kira matatu. A 2015 aka rufe shi. Katin yana aiki, amma direba da kwandasta ne ba sa so. Mai mota ya yanka musu balas na kullum, abin da ya haura nasu ne, daga ciki ake sallamar 'yan kamasho da masu tsare hanya. Idan kuɗin ya wuce kai tsaye zuwa asusun mai mota, da me za su koma gida? Duk wanda ya san tashoshinmu ya san amsar da fasinja zai ji: "Na'urar ta lalace, kawo tsaba." Kuma muddin cin direba yana kan yawan kawunan da ya loda, zai tsaya a tasha sai mota ta cika maƙil, ya kuma yi tsere da ɗan'uwansa a kan titi, ko da an liƙa masa na'urori goma.

Birnin Kuritiba na ƙasar Brazil, wanda duniya ke koyi da shi, ya ware wa bas hanyarta tun 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner, babu wayar hannu balle manhaja. Daga baya aka koma biyan kamfanoni gwargwadon kilomitar da motocinsu suka yi, sai tseren farautar fasinja ya rasa dalili. Legas ma da tikitin takarda ta fara BRT, wato bas mai hanyarta ta musamman, a 2008, daga Mile 12 zuwa CMS. Abin da ya ja jama'a shi ne suna zaune suna wuce motocin da gosulo ya riƙe. Katin biyan kuɗinta na Cowry daga baya ya zo, ya tarar da tsarin da zai hau kai.

Manhaja za ta iya gaya maka bas ta makara da minti 40, amma ba za ta fid da ita daga cunkoso ba.

Gwamnatocinmu da ke sayo sababbin bas-bas, kafin ku ba da kwangilar kati, ku ware wa bas layinta, ku sa direba da kwandasta a kan albashi, ku tanadi kanikawa da kayan gyara.