Auren Briketeri da Dokar 1968

Duk wanda ya san unguwar Briketeri a Yawunde ya san aure a nan ba ya tambayar iyakar ƙasa. Ɗan unguwa ya ɗauko mata daga Kano ko Maraɗi, tela daga Damagaram ya auri 'yar gidan da yake haya, haka ake yi tun zamanin fataken da suka kafa zangon. Amma dokar da ke hukunta waɗannan gidaje, wato dokar zama ɗan ƙasa ta 11 ga Yuni 1968, ba da mudu ɗaya take auna wa miji da mata ba, kuma ko ƙofar da ta buɗe ba ta dace da yadda talaka ke aure ba.

Baƙuwar da ta auri ɗan Kamaru tana iya zama 'yar ƙasa idan ta nema a lokacin ɗaurin aure. Baƙon da ya auri 'yar Kamaru kuwa ba shi da wannan hanya. An dai ɗauke masa sharaɗin zaman shekara 5 da ake gindaya wa sauran baƙi masu neman zama 'yan ƙasa, amma sai ya shigar da takardu ya jira a sa hannu daga sama, kuma hukuma ba ta da tilas ta amsa. Sai dai ma garaɓasar matan akwai ƙugiya a ciki. Auren da hukuma ta sani shi ne wanda aka ɗaura ko aka rubuta gaban jami'in rajista. Auren da liman ya shafa wa fatiha, aka biya sadaki, aka raba goro a ƙofar gida, a idon ofis bai faru ba sai an je meri, wato ofishin magajin gari, an rubuta. Mace sai ta haifi 'ya'ya biyar a Briketeri, dukkansu 'yan Kamaru ta wajen uba, ita kuwa tana nan a matsayin baƙuwa mai sabunta takardar zama, gabanta na faɗuwa a kowane shingen 'yan sanda kan hanyar Ngaundere. In kuma ta ce za ta karɓi zama 'yar ƙasa, Kamaru ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba. 'Ya'yan ma, wanda ba a yi wa takardar haihuwa kan lokaci ba sai an bi ta kotu, kuma galibi ba a farga sai jarrabawar gama firamare ta ƙarato.

Masu kare tsarin suna cewa buɗe ƙofa ga maza zai jawo auren bogi, a ƙasar da ke fama da Boko Haram a arewacinta tun 2014. Damuwar ba ta banza ba ce. Amma auren bogi ba ruwansa da jinsi, kuma dokar da kanta ta ba gwamnati wata 6 ta ƙi amincewa da matar da ba ta gamsu da ita ba. Me zai hana a tace miji da wannan rariyar? Mutumin da ke da suna a rajista, da adireshi, da surukai da za a tambaya, ya fi sauƙin sa ido a kan wanda tsada da jira suka kora zuwa zaman ɓoye. Wasu kuma suna cewa ai a al'ada mace ce ke bin miji. To, a ina? A Briketeri sau da yawa mijin ne ya zo ci-rani ya tarar da ita a garin haihuwarta.

Ba Kamaru kaɗai ba ce. Sashe na 26 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 yana da irin wannan bambanci, kuma a Maris 2022 majalisar tarayya ta ƙi gyara shi. Nijar kuwa, inda Musulmi suka fi rinjaye nesa ba kusa ba, ta gyara dokarta a 2014: mace na iya ba mijinta zama ɗan ƙasa, an kuma halatta riƙe ƙasa biyu. Senegal ta rigaye ta a daidaita mata da maza a 2013. Kamaru ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata tun 1994, wadda sashenta na 9 ke magana kan wannan batu. Abin da ya rage mata bai wuce gyara biyu ba: hanya ɗaya ga miji da mata, da damar neman zama ɗan ƙasa bayan aure, duk ranar da aka kai shi rajista.