Gaskiya ko Jita-jita: Wasa Yana Koyar da Aikin Agaji?

"Wasa ai na yara ne, ba ruwansa da ceton rai."

Jita-jita ce. A ranar 17 ga Janairun 1995 girgizar ƙasa ta afka wa birnin Kobe na Japan, mutum fiye da 6,000 suka rasu. Bayan ƙura ta lafa, masana irin su Katsuya Yamori suka zauna da ma'aikatan birnin, suka saurari irin tsaka mai wuyar da suka shiga, suka mayar da ita wasan kati mai suna Crossroad.

Ga ɗaya daga cikin tambayoyinsa. Kai ne jami'i a sansanin da mutum 3,000 suka fake, abincin da ya iso na mutum 2,000 ne, kuma ba alamar ƙari. Za ka raba ko za ka dakata? Kowa ya kife katinsa na "e" ko "a'a", a buɗe tare, sannan kowa ya kare ra'ayinsa. In ka raba, mutum dubu za su kwana da yunwa suna kallon masu ci. In ka riƙe, abinci na iya lalacewa. Ni dai na fi son ma'aikacin agaji ya fara haɗuwa da wannan tambaya a kan tebur, inda kuskurensa ba zai taɓa cikin kowa ba.

"Sai mai kwamfuta da intanet."

Wannan ma ba haka ba ne. Akwai na kwamfuta, kamar Stop Disasters na Majalisar Ɗinkin Duniya, amma cibiyar yanayi ta Red Cross tana koyar da shirin ambaliya da ƙwayar ludo da ƴan tsabar wake.

"Wanda ya yi atisaye ya gama shiri."

Wannan ce ta fi damuna, domin hukumomi ne suka fi yarda da ita. A Yulin 2004 jami'an Amurka suka yi atisayen wata guguwar ƙirƙira da suka kira Pam, suka ga ruwa ya shanye birnin New Orleans, suka ga dubban marasa mota ba su da hanyar fita. Atisayen bai yi ƙarya ba. Amma ba a kammala shirin kwashe mutanen ba har guguwar Katrina ta iso a Agustan 2005, ganuwar da ke tare ruwa ta fashe, talakawan birnin suka maƙale a kan rufin gidaje da filin wasa na Superdome, mutum fiye da 1,000 suka mutu.