Ɗaurin Talala: Sakin Mai Laifi a Hannun Jama'a, da Inda Ya Shafi Fasto

Da wuya a sami faston da ya shekara biyar a bakin aiki ba a taɓa buga masa ƙofa da dare an ce an kama ɗan wance, ya zo ya tsaya masa ba. Mukan tashi mu tafi. Wani lokaci mu sa hannu a takardar beli, wani lokaci mu rubuta wasiƙar shaidar hali. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa daga irin wannan tsayawa ce aka samo wani babban reshe na aikin shari'a, wanda Turawa ke kira furobeshan. Asalin kalmar daga harshen Latin ne, ma'anarta gwaji.

A Hausa abin da ya fi kusa da ita shi ne ɗaurin talala, ko da yake 'yan jarida sukan yi amfani da wannan suna har ga wanda aka tsare a gidansa. Duk wanda ya yi kiwo ya san talala: akuya tana yawo, tana cin ciyawa, amma akwai igiya, akwai kuma turke. Haka kotu take yi. Ta riga ta tabbatar mutum ya yi laifi, sai ta ƙi kai shi gidan yari, ta mayar da shi gida a kan sharuɗɗa, ta sa wani jami'i ya riƙa lura da shi har wa'adi ya cika. Sharuɗɗan sukan haɗa da kai kansa wurin jami'in a ranakun da aka yanka, zama a gidan da aka sani, nisantar wasu mutane ko wurare, neman sana'a, ko karɓar magani in shaye-shaye ne ya kai shi. In ya karya su, a mayar da shi gaban alƙali, hukuncin da aka jingine ya hau kansa. Kada mu haɗa wannan da beli. Beli na wanda ake tuhuma ne, ba a kai ga tabbatar da laifinsa ba. Ba kuma afuwa ba ce, gama laifin yana nan a rubuce.

Mutumin da ake dangana farkon aikin da shi ba alƙali ba ne, ba lauya ba. John Augustus sunansa, mai ɗinkin takalma a birnin Boston na Amurka, ɗan wata ƙungiyar masu yaƙi da shan barasa. A shekarar 1841 yana zaune a kotu aka kawo wani mashayi. Ya roƙi alƙali a jinkirta hukunci a ba shi mutumin, shi zai tsaya masa. Bayan mako uku ya dawo da shi a natse, ya bar sha, sai alƙali ya ci shi tarar santi ɗaya da kuɗin kotu maimakon ɗauri. Daga nan Augustus bai daina ba kusan har mutuwarsa a 1859. Ya tsaya wa mutum kusan dubu biyu, maza da mata da yara, sana'arsa ta durƙushe a kan hanya, ma'aikatan kotu kuma suka tsane shi domin ana biyansu ne a kan kowane mutum da aka ɗaure.

Masu ba da wannan labari a kan bagade sukan tsaya a kan tausayinsa. Ni abin da na fi so ɗalibai su lura da shi shi ne tsarinsa. Ba kowa yake ɗauka ba. Yakan bincika halin mutum, shekarunsa, da waɗanda yake cuɗanya da su kafin ya buɗe baki a gaban alƙali. Yakan nema masa aiki ko wurin kwana, ya riƙa kai masa ziyara, ya rubuta kome a littafi, ranar komawa kotu kuma ya faɗi abin da ya gani. Abubuwa huɗun nan, wato bincike, taimako, sa ido da rahoto na gaskiya, su ne ƙashin bayan aikin har wa yau. Jihar Masacusets ta mayar da shi aikin gwamnati mai albashi a 1878.

A Ingila kuwa daga cikin ikilisiya abin ya fito kai tsaye. A 1876 wani ma'aikacin ɗab'i mai suna Frederic Rainer ya rubuta wa ƙungiyar yaƙi da barasa ta Ikilisiyar Ingila, yana kukan cewa da zarar ƙafar mutum ta zame sau ɗaya, sai laifi ya bi laifi, ɗauri ya bi ɗauri. Ya haɗa da sule biyar, ya ce a yi wani abu. Ƙungiyar ta fara tura masu bishara kotunan majistare na Landan, alƙalai suka riƙa sakin masu ƙananan laifuffuka a hannunsu. Dokar 1907 ta ba aikin gindin zama, ta kuma ce aikin jami'i shi ne ya ba mutumin shawara, ya taimake shi, ya zama abokinsa. Ku duba wannan kalma ta uku. Gwamnati ce ta rubuta abota a cikin doka, domin abin da ta tarar masu bishara suna yi ke nan.

Da tafiya ta yi nisa aikin ya fita daga hannun 'yan mishan ya koma na ma'aikatan da aka horar, aka kuma fara tambayar da ta kamata: shin yana gyara mutane kuwa? A 1974 wani masani a Amurka, Robert Martinson, ya tattara sakamakon shirye-shiryen gyaran hali masu yawa, aka fassara rubutunsa da cewa babu abin da yake aiki. Shi da kansa ya sassauta maganar daga baya, amma 'yan siyasa sun riga sun kama ta, gidajen yari suka cika.

Amsa mafi ƙarfi daga Kanada ta zo wajen 1990, ta hannun Don Andrews da James Bonta da abokan aikinsu. Sun nuna cewa gyara yakan yi tasiri in an kiyaye abubuwa uku. Na farko, a auna yawan kulawa da girman haɗarin sake laifi. Wannan yana da wani gefe mai ban mamaki: yaron da ya yi kuskure sau ɗaya, yana da makaranta da iyaye tsayayyu, in aka dulmuya shi cikin shiri mai tsanani tare da gogaggun masu laifi, sau da yawa lalacewa yake ƙara yi, domin an raba shi da abin da ke riƙe da shi, an ba shi sababbin abokai. Na biyu, a taɓa abin da yake haifar da laifin kansa: mugayen abokai, ƙwaya da barasa, zaman banza, rikicin gida, da irin tunanin da ke cewa wanda na cuta shi ya ja. Na uku, a bi da mutum ta hanyar da zai iya ɗauka. Wanda bai iya karatu ba, ba a cika masa hannu da takardu.

Wasu masana suka juya tambayar: ta yaya mutane suke barin laifi da kansu? Robert Sampson da John Laub sun bi rayuwar wasu maza ɗari biyar na Boston da aka tsare tun suna samari, suka ga aure mai ɗorewa da aiki tsayayye suna cikin manyan abubuwan da suka juya su. Shadd Maruna ya yi hira da tsofaffin masu laifi a Libaful, ya wallafa sakamakon a 2001. Ya lura cewa waɗanda suka daina suna da wani labari game da kansu wanda yake da gobe a ciki, suna kuma yawan ambaton wani mutum da ya gaskata da su tun kafin su gaskata da kansu. Barin laifi kuma ba ya faruwa dare ɗaya. Mutum yakan tashi, ya faɗi, ya sake tashi, tazarar da ke tsakanin faɗuwa da faɗuwa tana ƙaruwa. Fasto da ya daɗe da masu tuba bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba.

Ingila ta sake koya wa duniya darasi, wannan karo na kuskure. A 2014 ta raba aikin biyu, ta bar masu babban haɗari a hannun gwamnati, ta ba da sauran ga kamfanoni ashirin da ɗaya bisa kwangila. Masu bincike na gwamnati suka tarar ana lura da mutane da yawa ta waya kawai, ba tare da an zauna da su ba. A 2021 aka sake haɗe aikin a hannun gwamnati. An riƙe igiyar, an manta da mutumin da ke riƙe da ita.

To, ina Nijeriya a ciki? Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ba kotu ikon sakin mai laifi a kan talala, da jingine hukunci, da sa shi aikin hidima wa al'umma, ta kuma keɓe laifuffukan da aka yi da makami da na lalata daga jingine hukunci da aikin hidima. Kotunan tarayya da na Abuja ta shafa, jihohi kuma suka riƙa yin tasu a kan tsarinta, saboda haka kowane fasto ya nemi sanin ta jiharsa. A 2019 aka canza sunan hukumar gidajen yari ta zama ta gyaran hali, aka kafa mata sashen da ke kula da hukuncin da ba na tsarewa ba. Dalilin a fili yake: gidajen sun cika, wajen kashi biyu cikin uku na mutanen ciki jiran shari'a suke yi, wanda ya shiga a kan satar waya kuma yakan fito ya san hanyoyin da bai sani ba a da. Doka dai tana nan. Jami'ai da abin hawa da kuɗin bibiya ne suka yi ƙaranci, shi ya sa alƙali yakan duba ya ga wa zai riƙe mutumin nan in an sake shi. Sau da yawa idonsa kan mai unguwa, ko limami, ko fasto yake sauka.

A nan ne muke yawan tuntuɓe, ni ma na yi. A farkon aikina na rubuta wa wani saurayi wasiƙar shaidar hali domin mahaifiyarsa tana cikin zumuntar mata, tana kuka a ɗakina. Ban san shi ba sai gaisuwa. An sake shi, ban taka gidansu ba ko sau ɗaya, kafin wata uku ya sake komawa. Na yi zaton jinƙai na yi. Gaskiyar ita ce na ba kotu shaidar abin da ban sani ba, na kuma bar yaron ba turke. Wanda ya zo bayansa da takardar wani fasto, ina jin alƙalin nan bai ba ta nauyi ba.

Wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon ta nuna yadda ake tsayawa. Bulus ya san Unisimas, ya zauna da shi. Bai ɓoye cewa akwai abin da ya faru ba, bai kuma ajiye shi a wurinsa ba, ya mayar da shi ga wanda yake da ƙara a kansa. Ya ɗauki bashin a wuyansa da rubutun hannunsa, ya kuma ce a shirya masa masauki, wato zai zo ya gani. Wanda aka cuta yana cikin lissafin tun daga farko. Mu kuwa mukan rungumi mai laifi a gaban jama'a, matar da aka fasa wa shago tana zaune a kujerar baya ba wanda ya tambaye ta yadda take. Tuba irin ta Zakka da mayar da kaya take tafiya. A 1974 a Ontariyo ta Kanada wani jami'in talala ɗan ikilisiyar Menonayit, Mark Yantzi, ya ba alƙali shawara a sa samari biyu da suka yi ɓarna a wurare ashirin da biyu su je ƙofa ƙofa su fuskanci masu kayan, su biya. Daga wannan shari'a ake ƙirga farkon shirye-shiryen sasanta mai laifi da wanda ya cuta na zamani.

Akwai kuma laifin da ba a wasa da shi. A 1994 wani fasto na Menonayit a birnin Hamilton na Kanada, Harry Nigh, ya ji za a saki wani da ya sha cin zarafin yara, ba shi da kowa, gari kuma ya ɗauki zafi. Ya tara 'yan mutane kaɗan daga ikilisiyarsa suka kewaye mutumin: kullum akwai mai ganinsa, mai taya shi cefane, mai yi masa tambaya mai wuya, suna kuma aiki tare da 'yan sanda ba ɓoye-ɓoye. Tsarin ya bazu har Ingila. Ga mu, ma'anarsa ita ce mutum irin wannan yana iya zuwa sujada, yana iya samun gafara, amma ba ya koyar da makarantar Lahadi, ba ya kwana inda yara suke, dattawa kuma su san dalili. Haka wanda ya ci amanar kuɗi, ba a mayar masa da jakar baiko domin a nuna an yafe.

Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ɗan'uwa, zauna da mutumin shi kaɗai, ka ji laifin daga bakinsa. Karanta sharuɗɗan kotu, ka san abin da za a bi ka in ya gudu. Nemi dattijo ɗaya ko biyu da za su raba ziyara da kai, domin aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ka kuma nemi mai gareji ko tela ko manomi da zai karɓe shi koyon aiki tun makon farko. Sa'an nan ka gaya masa, tun ranar, a gaban iyayensa, cewa in jami'i ko alƙali ya tambaye ka yadda yake, abin da ka gani za ka faɗa.